Ido Kafin Karatu: Nazari Kan Taswirar Jiragen Ƙarƙashin Ƙasa ta Landan

A shekarar 1931 Harry Beck, ma'aikacin zane a kamfanin jiragen ƙarƙashin ƙasa na Landan, ya zana wata taswira da aka fara ƙin karɓa, sai a 1933 aka buga ta. Har gobe masu zanen fosta da tambari na ɗaukar darasi a kanta, domin ta nuna cewa ido yakan gama tsara abin da ke gabansa tun mutum bai karanta harafi ko ɗaya ba.

Masana halayyar ɗan Adam na Jamus, Max Wertheimer da Kurt Koffka da Wolfgang Köhler, su suka kafa wannan fahimta mai suna Gestalt. A 1923 Wertheimer ya bayyana ƙa'idojinta: abubuwan da ke kusa da juna, ko masu kama da juna, ido na ɗaukarsu 'yan gida ɗaya, kuma yakan bi layi har ƙarshensa ko da wani ya gitta shi.

Aikin Beck ya hau kan waɗannan ƙa'idoji daram. Ya miƙe layukan da ke karkace a ƙasa, ya bar musu fuska uku kacal: tsaye, kwance, ko jirge a kusurwar digiri 45. Ya faɗaɗa tsakiyar gari, ya matse bayan gari, ya share tituna, Kogin Thames kaɗai ya bari. Da haka idon fasinja ke bin layinsa ba tare da ya ɓace a mahaɗa ba.

Launi kuwa aiki aka ba shi, ba ado ba. A yau layin Central ja ne, District kore, Circle rawaya, Northern baƙi. Sai dai launi ba ya zaman kansa. Tun 1839 Michel-Eugène Chevreul, shugaban sashen rini na masaƙar Gobelins a Faransa, ya nuna cewa launi na sauya kama gwargwadon maƙwabcinsa. Shi ya sa rawaya ke dusashewa a kan farar takarda, amma ta fito fes inda ta jeru da kore.

Wannan tsari ba ya rasa naƙasu. Taswirar na ɓoye nisa: tsakanin tashar Leicester Square da Covent Garden kusan mita 260 ne, amma baƙo kan shiga jirgi. Ja da kore na rikita masu makantar launi. Sannan rage kaya na da iyaka: da aka cire kogin a 2009, jama'a suka yi ca, aka maido shi, domin da shi ido ke gane kudu da arewa.

Saboda haka gwanintar mai zane ba ta tsaya ga cire tarkace ba. Dole ya san abin da ido ke jingina da shi, ya bar shi, sannan ya san gaskiyar da ya sadaukar don sauƙi, ya auna ko mai kallo zai iya jure rashinta.