Ina Masoyan Burmi? Tsokaci a Kan Ganɗoki

Littafin Ganɗoki na Malam Bello Kagara, wanda aka buga a 1934 bayan gasar Hukumar Fassara ta Zariya, yana cikin ƙagaggun labaran Hausa na farko da suka taɓo mamayar Turawa. Marubucin ya gwanance wajen zayyana dawaki da masu da kirarin mazaje. To amma da aka ci ƙasa, sai ya kwashe gwarzonsa ya kai shi duniyar aljannu, bai komo da shi ba sai da mulkin Nasara ya zauna daram. A ganinmu, nan ne littafin ya gaza, domin ya tsallake shekarun da talaka ya ɗanɗana kuɗarsa.

Mu a Gombe wannan giɓi ya fi yi mana ciwo. A Burmi, kusa da Bajoga, aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a watan Yulin 1903, waɗanda suka tsira kuwa da dama suka nausa gabas har Sudan. Ina labarin budurwar da aka sa wa rana, saurayinta ya bi ayarin hijira bai waiwayo ba?

Marubutan soyayya da suka bunƙasa a Kano tun shekarun 1980 sun san sirrin zuciya, sai dai galibinsu ba su leƙa tarihi ba. Shi kuma Kagara ya san fagen daga, bai shiga cikin gida ba. Ɗalibanmu masu riƙe da alƙalami, tsakanin waɗannan biyu akwai gonar da ke jiran manomi.