Masu Karanta Sawun Teku a Cikin Ƙasa

Mai haƙar rijiya a Rogo ko Karaye ya san abin da ke jiransa: jar ƙasa, marmara, ruɓaɓɓen dutse mai danshi, daga nan sai fa mai mayar da diga baya. Wannan fa, wanda madatsar Challawa ke zaune a kansa tun 1992, ya haura shekara miliyan 500. Ba a tsintar ƙashin kifi ko kwanson katantanwa a cikinsa, domin narkakken dutse ne ya daskare, ko wanda zafi da matsi suka toya.

Mai neman sawun teku sai ya nufi Sakkwato, inda fa ɗin ya nutse ya zama kwarin Iullemmeden da ya ratsa Nijar har Mali. A nan gwanintar masanin duwatsu ke fitowa.

Kayan aikinsa ba su cika jaka ba: guduma, ma'auni, ɗan gilashin ƙara girma, da 'yar kwalbar asid. Ya ɗiga asid a dutse, in ya yi kumfa, farar ƙasa ce irin wadda halittun ruwa ke bari. Ya gutsuri laka ya sa a haƙori. In ta yi gardin yashi, ruwan da ya kawo ta na da ɗan motsi, in ta yi sul, a kwantaccen ruwa ta zauna. Da irin wannan haƙuri Farfesa Cornelius Kogbe na Jami'ar Ahmadu Bello ya bi tsaunukan yankin a shekarun 1970.

Ga abin da aka karanto, daga ƙasa zuwa sama. Shimfiɗar Taloka rairayi ne da laka na bakin gaɓa. A kanta Dukamaje ta hau, laka mai ɗauke da gifsam da ƙasusuwan dabbobin ruwa: teku ya shigo ke nan. A ciki aka haƙo wani ƙaton ƙadangaren teku da masu bincike daga Italiya suka raɗa wa suna Goronyosaurus a 1972, don garin Goronyo. Sai rairayin Wurno, ruwa ya ja baya. Lakar Dange da farar ƙasar Kalambaina suka biyo, teku ya sake dawowa. Wannan farar ƙasa ce kamfanin siminti na Sakkwato ke fasawa yau. Gwandu ta rufe da yashin koguna. Zuwa biyu, komawa biyu.

To, yaushe? Nan ne rashin sani ke kayar da mutum. Dutsen Karaye ana auna shekarunsa kai tsaye: ƙwayar zarkon da ke ciki tana riƙe da yuraniyom mai rikiɗa zuwa dalma a sanannen sauri. Amma in ka auna zarkon da ke cikin rairayin Wurno, shekarun dutsen da ya zaizayo daga gare shi za ka samu, ba lokacin da ya kwanta ba. Don haka gwani ke komawa ga gawarwakin halittu. Dukamaje na da amonait, wani naɗaɗɗen kwanso da jinsinsa ya ƙare shekara miliyan 66 da suka wuce, tare da dinoso. Kalambaina ba ta da shi ko ɗaya. Ƙananan kwansuna gare ta, waɗanda sai da madubin bincike ake gani, irin waɗanda aka sani a Arewacin Afirka tsakanin shekara miliyan 66 zuwa 56.

Kamancin ya nuna ta arewa ruwan ya ratso Sahara, daga tsohon tekun Tetis. Ko ya taɓa haɗewa da tekun kudu ta kwarin Bida ko na Binuwai, wannan har yanzu masana na ja-in-ja a kai.