Giwar Karaye: Gaskiya da Zato a Tarihi da Ƙagaggen Labari

Akwai wata al'ada da mu ɗaliban adabi muka saba da ita, wato raba zube gida biyu. Mu ce wannan tarihi ne, don haka gaskiya ne. Wancan kuwa ƙagaggen labari ne, don haka ƙarya ce. Da mun faɗi haka sai mu ga kamar mun gama nazari. A wannan ɗan sharhi ina so in nuna cewa wannan shinge da muka kafa akuya tana ratsa shi kullum, kuma zan kafa hujja da labarin wani basarake da ya zauna a Karaye, sannan in gwada shi da littafin Ganɗoki na Bello Kagara.

Tun da daɗewa masana falsafa suka yi ta fama da wannan matsala. Aflaton ya kwatanta mutane da fursunonin da aka ɗaure cikin kogo, ba su ganin komai sai inuwa a jikin bango, har suka ɗauka inuwar ita ce duniya. Shi ne kuma ya ga ya kamata a kori mawaƙa daga birnin da ya tsara, don suna kwaikwayon abin da shi kansa kwaikwayo ne. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo misalin da ya fi kusa da mu: ido yana ganin inuwa a tsaye alhali tafiya take yi, yana ganin tauraro kamar dinari alhali ya fi ƙasa girma. Bahaushe bai jira su ba. Mai tatsuniya yakan rufe da cewa ba don Gizo ba da ya yi ƙarya, wato ya sanar da yara cewa duk abin da suka ji rigar aro ce. Ƙaryar da ta faɗi sunanta ba ta cutar kowa. Wadda ake tsoro ita ce wadda ta sa rawani ta zauna a fada.

To, ga labarin. Littafin Tarihin Kano, wanda H. R. Palmer ya fassara zuwa Ingilishi a 1908, ya kawo shi a zamanin Sarki Muhammadu Nazaki (1618 zuwa 1623 bisa lissafin Palmer). Sarki ya fita yaƙi ya bar Wambai Giwa a gari, shi kuwa don neman faranta wa ubangidansa sai ya tara jama'a ya faɗaɗa ganuwar Kano. Littafin ya ce kowace safiya yakan kai wa ma'aikata ƙwaryar abinci 1,000 da bajimai 50 har aka gama aiki. Da sarki ya dawo, Wambai ya tarye shi da kyautar dawaki 100. Sarki ya rasa abin da zai saka masa da shi, fadawa suka ce a ba shi gari, aka ba shi Karaye. Ƙasar Karaye da Rogo kuwa, kamar yadda mai karatu ya sani, bakin iyaka ce, tana fuskantar Katsina ta wani gefe, Zazzau ta wani. Daga nan Wambai ya yi ta kai wa Katsinawa hari yana kwaso ganima, har ya mallaki dawaki 1,000, maroƙa suna masa kirari da giwa. Ƙarfinsa ya kai aka ji tsoron zai yi tawaye, saboda haka aka tuɓe shi a zamanin Kutumbi (1623 zuwa 1648).

Idan muka warware wannan labari za mu ga ba da zare iri ɗaya aka saƙa shi ba. Ganuwa abu ce da ake iya zuwa a duba sawunta, Karaye kuma tana nan. Amma alƙaluman fa? 1,000, da 50, da 100, da wata 1,000. Babu 47, babu 930. Wanda ya taɓa ƙirga shanu a kara ya san ba haka suke zuwa ba. Waɗannan alƙaluman maroƙi ne, ma'anarsu "da yawa ƙwarai", kuma da su mai tatsuniya yake aiki idan zai kwatanta dukiyar sarkin wani gari. Kada mu manta littafin ya tsaya ne a kan Sarki Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1893, ke nan tsakanin Wambai da rubutun da ya iso gare mu akwai fiye da shekara 250, kuma kirari da waƙar fada suna cikin abubuwan da suka yi dakon labarin duk tsawon wannan lokaci.

Wurin da ya fi jan hankalina shi ne ƙarshen. Littafin bai ce Wambai ya yi tawaye ba, cewa ya yi an ji tsoron zai yi. Tawayen bai taɓa fita daga zukatan mutanen fada ba, zato ne, kawalwalniya ce. Amma tuɓewar da ta biyo baya ta tabbata, mutum ya rasa sarautarsa. Ashe abin da bai faru ba yana iya haifar da abin da ya faru. Kuma me ya ciyar da wannan zato? A ganina kirarin nan yana da hannu. Maroƙi ya kira mutum giwa don ya samu riga, fada kuwa ta ji kirarin ta auna girman giwar da kunne, ta ga ɗaki ɗaya ba zai ɗauki giwa biyu ba. Da Aflaton ya ji wannan labari da ya ce ai ga abin da yake gudu. A nan masu mulki waƙar ta ruɗa, wanda aka wasa kuma shi ya biya kuɗin.

Yanzu mu juya ga Ganɗoki, ɗaya daga cikin littattafan da suka fito daga gasar da Rupert East ya shirya a Zariya a 1933. Shi ya bi hanyar ne a juye. Ya fara da abin da tsofaffin lokacin suka gani da idonsu, wato yaƙe-yaƙen Turawa a Bida da Kwantagora da Sarkin Sudan Ibrahim Nagwamatse. Da aka ci su da yaƙi, sai tauraron ya nufi gabas da ɗansa Garba Gagare, labarin kuma ya tsunduma cikin duniyar aljannu, inda takobin Ganɗoki yake yin abin da ya kasa yi a gaban bindiga. An sha kushe littafin da cewa tsarinsa ya karye biyu. Ni ban yarda karyewar aibi ce ba. A daidai inda tarihi ya ƙi daɗin faɗa, a nan marubucin ya koma ga almara, kuma wannan gaɓar ita ce ta fi kowane shafi faɗin gaskiya game da halin da mutanen da aka ci da yaƙi suke ciki. Aljannun ƙarya ne, ƙishin nasarar da ya haife su kuwa gaskiya ne. Bello Kagara bai ɓoye ɗinkinsa ba, ko yaro ya san inda aka bar Kwantagora aka shiga ƙasar aljannu.

Tarihin Kano shi ne ya fi wuyar sha'ani, don ɗinkinsa a ɓoye yake. Ganuwa da kirari da tsoron fada duk an jera su da murya ɗaya, cikin natsuwa ɗaya. Kada kuma a ɗauka wannan gardamar 'yan aji ce kawai. Lokacin da aka ɗaga Karaye ta zama masarauta mai daraja ta ɗaya a 2019, da lokacin da aka rushe a 2024 aka sake kafa ta da daraja ta biyu a kan Karaye da Rogo, kowane ɓangare na muhawarar tarihi ya riƙa kira shaida. Labarin Wambai kuwa shaida ne mai baki biyu. Mai son nuna girman Karaye zai ɗauki dawaki 1,000 da kirarin giwa, mai son nuna ikon Kano zai ɗauki kyautar garin da tuɓewar. Na farko ya jingina da alƙaluman maroƙi, na biyu ya jingina da hukuncin da aka yanke a kan laifin da ba a aikata ba.