Jinjina ga Masu Raya Tsofaffin Alƙaluma

Duk wanda ya san darajar alƙalami, abin da Allah Maɗaukaki ya rantse da shi a cikin Littafinsa, wajibi ne ya yaba wa ma'abota haƙurin nan waɗanda, in suka sami tsohon alƙalami mai shan tawada, irin Parker 51 da ya fito a Amurka a 1941, ba sa yar da shi don ya ƙafe, sai su jiƙa bakinsa a ruwan sanyi, su yi ta zuƙa suna fesarwa har ruwan ya fito garau, sa'an nan su sauya robar cikinsa da shekaru suka busar. Ruwan zafi kuwa sun haramta wa kansu, domin yakan lanƙwasa jikin alƙalami.

Gwanintarsu ta fi bayyana a bakin alƙalamin na zinariya, inda sukan daidaita tsagarsa da farce, sannu a hankali, har ya daina kartar takarda. Lalle wannan aikin masu natsuwa ne.

Wanda ya gaji irin wannan alƙalami, don Allah kada ya ɗura masa tawadar allo, domin ƙaron cikinta toshe shi yake yi.