Jinjina ga masu gyaran tsohon bankin Midland

Tsohuwar hedikwatar bankin Midland da ke tsakiyar Landan, wadda Edwin Lutyens ya zana, ta yi shekaru a rufe kafin ta zama otal ɗin The Ned a 2017. Magina da kafintocin da suka yi wannan aiki sun cancanci jinjina. Gyaran aikin wani ya fi sabon gini wuya, balle ginin da doka ta hana a sauya masa fasali. Sun lallaɓa shi da haƙuri. Ginshiƙai 92 na koren dutse suna nan tsaye, haka ma kantocin katako da ake karɓar kuɗi a dā. Ɗakin ajiyar kuɗi na ƙarƙashin ƙasa kuwa, da ƙatuwar ƙofarsa ta ƙarfe, ya zama wurin shaƙatawar baƙi.