Madubin Malam Cooley

Cikin shekarar 1902 wani malamin Jami'ar Michigan ta ƙasar Amurka, sunansa Charles Cooley, ya wallafa littafi a kan halin ɗan Adam da zaman jama'a. Abin da ya fi shahara a cikinsa shi ne misalin madubi. Ya ce mutum yana sanin kansa ne ta idon mutane, kuma abin nan hawa uku ne. Da fari mutum yakan zaci yadda ya bayyana ga wani. Sa'an nan ya zaci hukuncin da wancan ya yanke masa. Daga nan sai ya ji alfahari, ko kuwa kunya ta rufe shi.

Lalle maganar nan tana da ƙarfi, don ta hanyar lura da 'ya'yansa tun suna ƙanana ya samo ta. Dubi dattijon da aka ce ya tashi ya yi karatu gaban aji, muryarsa na rawa. Idon 'yan'uwansa ya fi baƙaƙen allo ba shi tsoro.

Amma fa littafin yana da giɓi. Gaskiya ne Cooley ya ce idon babba ya fi na yaro nauyi, sai dai bai tsaya ya bincika abin da kan faru in madubin yana hannun mai raina ka ba. Madubi kuwa akwai mai kyau, akwai karkatacce.

Wanda ya cike giɓin nan shi ne W. E. B. Du Bois, wani masani baƙar fata ɗan Amurka. Cikin littafinsa na 1903 ya bayyana halin baƙaƙen ƙasarsa a zamanin dokokin wariya, watau yadda aka tilasta musu auna kansu da mudun waɗanda ba su ɗauke su a bakin kome ba, har mutum ya riƙa jin kamar ya rabu biyu.

Saboda haka mai karatu ya haɗa littattafan nan biyu. Cooley ya nuna cewa mutum ba ya rasa madubi, Du Bois kuwa ya koya mana mu fara tambayar mai riƙe da shi. Wanda aka daɗe ana ce masa ya tsufa da koyo, in ya yarda da wannan hukunci ba bincike, to, ya cuci kansa.