Razana da Natsuwa a Zanen Rembrandt na Tashin Li'azaru

1.0 Gabatarwa

Barok suna ne na wani salon zane da gini da ya taso a birnin Rum wajen shekarar 1600, ya bazu a Turai har tsakiyar ƙarni na 18. Manufar salon ita ce hoto ya taɓa zuciyar mai kallo, shi ya sa masu zanen suka yi ta komawa ga labaran mu'ujiza na Littafi Mai Tsarki. Wannan takarda za ta kwatanta zane biyu na Rembrandt (1606-1669), mutumin Holan, a kan labari guda, domin a ga wanne ya fi isar da saƙonsa.

2.0 Labarin da Zanen Biyu

Labarin yana cikin Linjilar Yohanna, sura ta 11, inda Yesu ya ta da Li'azaru na Betanya bayan ya kwana huɗu a kabari. Duka zanen biyu an karce su ne a kan farantin tagulla, sannan aka buga a takarda.

Na farko, na wajen 1632, shi ne babba. An nuna Yesu ta baya, a tsaye, ya ɗaga hannu sama. Haske ya sauka a kan kabarin, duhu ya rufe gefe. Wani mutum ya zabura ya yi baya, hannuwa a ware, wata mace kuma ta miƙa nata wajen mamacin.

Na biyu, na 1642, bai kai rabin na farko tsawo ba. Ana cikin kogo, layukan sirara ne, hannun Yesu bai yi sama sosai ba. Mutanen sun matso suna kallo, Li'azaru kuma ya ɗago kai kamar mai farkawa daga barci.

3.0 Sharhi

Ƙarfin zanen farko shi ne ya kama daidai lokacin da abin ya auku. Rauninsa kuwa, 'yan kallon cikin hoton sun riga mai kallo yin mamaki. Sun gaya masa abin da zai ji, har motsinsu ya janye ido daga Li'azaru, wanda a kansa aka taru.

A zane na biyu, dole mai kallo ya matso da takardar, ya bi fuskokin ɗaya bayan ɗaya, ya gano wa kansa mai shakka da mai murna. Hausawa na cewa labarin zuciya a tambayi fuska. Saboda haka na biyun ya fi daɗewa a rai, domin razana takan wuce nan take, al'ajabi kuwa yakan zauna.

4.0 Kammalawa

Wannan bambanci ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Marubucin da ya cika labari da ihu da salati da faɗuwa sumamme yana bin hanyar zanen 1632. Wanda ya ce uwa ta ajiye ludayi ta kasa magana yana bin ta 1642. Ana son ɗalibai su bayyana kowane zane cikin jumla biyar, su bambance firgita da razana da mamaki da al'ajabi, tare da kawo dalilin zaɓen kowace kalma.